Fa'idodi da Illolin Fanshon Adashin Gata a Najeriya

Har zuwa tsakiyar shekarar 2004, alƙawarin da ke tsakanin gwamnatin Najeriya da ma'aikacinta ba shi da wuyar fahimta. Wanda ya yi mata aiki shekara 35 cur, za ta sallame shi da garatuti ninki uku na albashinsa na shekara, sannan duk wata ta riƙa ba shi kashi 80 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe har ranar da ta Allah ta kasance. Ba a cire masa ko sisin kwabo domin wannan tanadi. Shi ya sa iyayenmu suke ganin aikin gwamnati gata ne: albashin ba yawa, amma tsufa yana da madogara.

Inda gizo ke saƙa shi ne, babu wani asusu da aka keɓe ana tara kuɗin cika wannan alƙawari. Kowace shekara sai an jira kasafin kuɗi, a ware wa 'yan fansho kasonsu, sannan a sake jira a ga ko za a saki kuɗin. Masu ritaya na ƙaruwa, ana ƙirƙiro jihohi da ƙananan hukumomi, ana ƙara albashi, farashin ɗanyen mai kuwa yau ya hau gobe ya faɗi. Da zarar aljihun gwamnati ya yi ƙasa, ɗan fansho ne farkon wanda ake mantawa da shi, domin ba shi da ofishin da zai kulle ya tafi yajin aiki. Kafin a zo ga gyara, an ƙiyasta cewa bashin fanshon da ke wuyan gwamnati ya kusa naira tiriliyan 2.

Duk wanda ya taɓa raka tsoho tantancewa a wancan zamani ya san ma'anar wannan adadi a jikin ɗan Adam. Tun da asuba za ka tarar da dattawa a harabar sakatariya, sun shimfiɗa kwali da tabarmi a gindin dalbejiya, kowa da tsohon fayil a cikin leda: takardar kama aiki, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, takardar ritaya, da hoto. Wani daga ƙauye ya taso da kuɗin mota na rance. Wani jikansa ne ya tallafo shi saboda shanyewar ɓarin jiki. Sai rana ta take a fito a ce jami'ai ba su iso ba, a dawo gobe. Goben ta yi, a ce ba a ga fayil ba, kuma kowa ya san abin da ke sa fayil ya fito. An sha samun waɗanda suka yanke jiki suka faɗi a kan layi, wasu ba su ƙara tashi ba. Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa sun ɗanɗana wannan, haka ma na kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways da ya durƙushe a 2003, waɗanda suka shafe fiye da shekara goma suna bin haƙƙinsu.

A kan wannan ne gwamnatin Obasanjo ta kafa dokar gyaran fansho ta 2004, wadda ta kawo tsarin adashin gata, bisa samfurin da aka ɗauko daga ƙasar Chile. Aka buɗe wa kowane ma'aikaci asusun kansa da sunansa da lambarsa. Duk wata a cire masa kashi 7.5 cikin 100, wanda yake yi wa aiki shi ma ya zuba kashi 7.5. A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka da ta mayar da kason ma'aikaci 8, na uban gidansa 10. Wato idan albashin da ake lissafi a kai naira 100,000 ne, naira 18,000 ce za ta riƙa shiga asusun duk wata. Kamfanin fansho ne ke juya kuɗin, amma ba a hannunsa suke ba, suna ajiye ne a wurin wani kamfani na daban wanda aikinsa riƙon dukiyar kawai. A saman su duka akwai hukumar PenCom mai sa ido. An bar alƙalai a tsohon tsari, haka ma waɗanda saura shekara uku ko ƙasa da haka su yi ritaya.

Babbar fa'idar wannan tsari, wadda ko masu sukarsa ba sa iya musantawa, ita ce ya raba kuɗin ma'aikaci da hannun jami'in gwamnati. Dubi manyan badaƙalolin fansho da suka girgiza ƙasar nan. A watan Janairun 2013 wata kotu a Abuja ta sami wani babban jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda da laifi a shari'ar da ta shafi biliyoyin naira, ta ba shi zaɓin biyan tarar naira 750,000, ya biya nan take ya kama hanyar gida, sai daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta tsananta hukuncin. A watan Nuwamban 2021 aka yanke wa Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa aikin tsabtace harkar fansho, ɗaurin shekara takwas kan halatta kuɗin haram da suka kai kimanin naira biliyan 2. Duk waɗannan kuɗi daga tsohon tsari aka kwashe su, inda ake tara biliyoyi a asusun ofishi guda, a cika jerin masu karɓa da sunayen matattu da na boge. A sabon tsari ɗan fanshon boge ba shi da amfani ga ɓarawo, domin asusun da ba a zuba masa komai ba babu abin da za a cire daga cikinsa. Fiye da shekara ashirin ke nan, ba mu ji an wayi gari an share asusun ma'aikata ta irin waccan hanya ba. A ƙasa irin tamu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ganin ba a yaba masa yadda ya kamata.

Sai kuma mallaka. A da, wanda ya bar aikin gwamnati kafin ya cika shekara goma ba shi da fansho, wanda aka kora da laifi kuwa ya yi asarar komai. Wannan ya ɗaure mutane da yawa a kujerar da ba sa so, ya kuma ba shugabannin ofis sandar da suke razana na ƙasa da su. Yanzu asusun na bin mai shi duk inda ya koma: daga ma'aikatar gwamnati zuwa banki, daga banki zuwa jami'a. Yana iya duba abin da ya taru a wayarsa. Tun watan Nuwamban 2020 yana da damar sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara idan bai gamsu da wanda yake ciki ba. Idan ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba, zai iya karɓar kashi ɗaya cikin huɗu ya ja jari. Tun 2022 kuma an ba da damar amfani da kashi ɗaya cikin huɗun a matsayin kafin alƙalami na lamunin sayen gida. Idan ya rasu a bakin aiki, abin da ke cikin asusun na magada ne, ga kuma inshorar rai da doka ta wajabta wa uban gidansa, ninki uku na albashin shekara. Gaskiya ne fitar da takardar kotu ta karɓar gado na ba zawarawa da marayu wahala, amma kuɗin na nan da sunan mamacin, ba alfarmar kowa ake nema ba.

Akwai fa'idar da ta wuce ma'aikaci ɗaya. Zuwa ƙarshen 2024 dukiyar da ke cikin waɗannan asusu ta haura naira tiriliyan 22, masu rajista kuma sun haura miliyan 10, cikinsu har da ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu waɗanda a da mafi yawansu ba su san wani abu wai shi fansho ba. Ƙasar da aka sani da bashin fansho ta koma tana da tarin ajiya. Har ƙorafin da Musulmi da yawa suka daɗe suna yi, cewa ana juya guminsu a harkokin kuɗin ruwa, an saurare shi: a 2021 aka buɗe wani asusu na musamman wanda ba ruwansa da riba, ana zuba kuɗinsa a sukuk da hannayen jarin da shari'a ta amince da su. Mai so sai ya nemi kamfaninsa ya mayar da shi can. Abin takaici, da yawa daga ma'aikatanmu na Arewa ba su ma san da shi ba.

To amma duk wannan kafin ranar ritaya ne. Ranar da mutum ya zauna gaban teburin ma'aikacin kamfanin fansho, lissafin na sauya kama. Dattijo ne da ya yi shekara 35 yana aiki, ya zo da burin da na gaba da shi suka cika da garatuti: ya ƙarasa ginin da ya tsaya a linta, ya aurar da 'yan mata biyu, ya biya kujerar Makka, abin da ya rage ya sayi gona ko ya buɗe shago. Yaron da ke gaban kwamfuta, sa'an ɗansa, ya gaishe shi da ladabi, ya shigar da shekarunsa da albashinsa na ƙarshe da abin da ke cikin asusun, sannan ya juyo masa da fuskar na'urar. “Baba, ga abin da za a ba ka a dunƙule, ga kuma na wata-wata.” Na dunƙulen galibi kashi ɗaya cikin huɗu ne. Na watan kuwa sau da yawa ba ya kai rabin albashin da ya baro. Dattijo ya ce, “Yaro, ba kuɗina ba ne? A ba ni abina in san yadda zan yi da shi.” Yaron ya ce doka ba ta yarda ba. Zaɓi biyu ne kawai: ko kamfanin ya riƙa tsakuro masa daga asusun duk wata, ko ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyan sa har ƙarshen rayuwa.

Hikimar hana mutum kwashe kuɗinsa gaba ɗaya a fili take, kuma ina goyon bayanta. Mun ga waɗanda suka karɓi garatuti suka ƙara aure, ko suka afka kasuwancin da ba su sani ba, ko 'yan uwa suka yi musu caa, kafin shekara biyu babu ko anini. Amma hani irin wannan yana da ma'ana ne idan abin da ake tsakurowa zai riƙe gida. Idan ba zai riƙe ba, an haɗa wa mutum zafi biyu: ba jari, ba abinci. Kuma dalilin ƙanƙantar kuɗin ba ɓoyayye ba ne. Mafi ƙarancin abin da doka ta ce a yi lissafi a kai shi ne ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri, don haka alawus-alawus da yawa da ma'aikaci ke rayuwa da su ba sa shiga. Sannan shekarun farko na tarin an yi su ne lokacin da mafi ƙarancin albashi bai kai naira 10,000 ba. Sai a 2011 ya koma 18,000, a 2019 ya zama 30,000, a 2024 ya kai 70,000. Kashi 15 cikin 100 na ɗan abin da ake biya a wancan lokaci ne ake so ya ciyar da mutum a kasuwar yau.

Wannan ya kawo mu ga illar da ta fi kowace girma a ganina, wato hauhawar farashi. Asusun fansho kamar rumbu ne da aka yi wa ƙofar ƙarfe da kwaɗo mai kyau. Ɓarawo ba zai shiga ba, amma ƙwari na ciki suna cin hatsin, ranar da aka buɗe a tarar da dami cif yadda aka zuba, sai dai rabinsa gari ne. Lokacin da aka fara tsarin, dala ɗaya ba ta kai naira 140 ba. A farkon 2023 tana wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ta tsallake naira 1,000 a 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ribar da kamfanonin fansho suka samo wa masu asusu a waɗannan shekaru ba ta kamo ƙafar wannan ba. Adadin da ke wayar ma'aikaci na ƙaruwa, abin da kuɗin za su saya na raguwa. Mai aiki yana iya yin yaji a ƙara masa albashi. Wanda ya yi ritaya a 2015 aka yanka masa abin da zai riƙa karɓa, kusan da shi zai je kantin magani a yau ya sayi maganin hawan jini da na ciwon sukari da farashinsu ya ninka.

A nan ne ya kamata a gane abin da dokar 2004 ta yi a zahiri. A tsohon tsari, idan naira ta faɗi ko mutum ya yi tsawon rai, nauyin a wuyan gwamnati yake, ko da kuwa tana saɓa alƙawari. Sashe na 173 na kundin tsarin mulki ma ya ce a riƙa sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Sabon tsari ya sauke wannan nauyi daga kan gwamnati ya ɗora wa ma'aikaci shi kaɗai, alhali ba shi ke buga naira ba, ba shi ke cin bashin da ke karya darajarta ba. Masu tsara dokar sun hango hakan, shi ya sa suka sa tanadin mafi ƙarancin fansho da ba za a bari kowa ya faɗo ƙasa da shi ba, dokar 2014 kuma ta ce a riƙa ware kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatan tarayya domin asusun da zai ɗauki nauyinsa. Wannan tanadi ya shafe shekara da shekaru a kwance a takarda.

Ba shi kaɗai gwamnati ta yi wa riƙon sakainar kashi ba. Waɗanda suka fara aiki kafin 2004 suna da haƙƙin shekarunsu na baya, wanda doka ta ce gwamnati ta riƙa ware kashi 5 cikin 100 na jimillar albashi tana ajiyewa a Babban Banki domin biyansa. Sai wannan kuɗi ya shiga asusun mutum sannan kamfani zai fara biyan sa. Da gwamnati ta kasa zubawa a kan kari, sai aka koma gidan jiya: mutum ya yi ritaya ya zauna shekara guda ko fiye ba albashi ba fansho, alhali ga kuɗin da aka cire masa yana gani a waya amma ba ya iya taɓawa. Ko ƙarin da dokar 2014 ta yi, gwamnatin tarayya ta shafe shekaru tana zuba tsohon kaso na 7.5 maimakon 10. Sai a watan Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta amince a ciwo bashin naira biliyan 758 domin share irin waɗannan basussuka. Mataki ne mai kyau, amma waɗanda suka mutu suna jira ba za a biya su wahalarsu ba. Wani abin lura kuma, fiye da rabin dukiyar fanshon nan a takardun lamunin gwamnatin tarayya aka zuba ta. Wato gwamnatin da ta yi ta jinkirta zuba kasonta ita ce kuma babbar mai rancen abin da ma'aikata suka tara. Takardun nata sun fi komai aminci a kasuwarmu, wannan gaskiya ne, amma hakan na nufin makomar tsufan mutum miliyan goma ta rataya ne ga yadda gwamnati ke riƙe naira.

Idan kana son sanin yadda manya ke kallon tsarin, dubi waɗanda suka fice. A 2011 aka gyara doka aka cire sojoji da jami'an tsaro na farin kaya. A 2023 aka ba ma'aikatan majalisar dokoki ta ƙasa tasu hukumar fansho. Manyan sakatarori da shugabannin ma'aikata na tarayya suna tafiya ne da cikakken albashinsu har ƙarshen rayuwa. Gwamnoni kuwa jiha bayan jiha suka yi wa kansu dokar fansho mai gidaje da motoci bayan shekara huɗu ko takwas kacal. Mutanen Zamfara ba za su manta da 2019 ba, lokacin da wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta fito yana neman a biya shi naira miliyan 10 ta kula da kai ta kowane wata, abin da ya sa majalisar jihar ta soke dokar cikin 'yan kwanaki. Ta yaya za ka ce wa kofur ɗin ɗan sanda, wanda ya yi shekara 35 a kan titi da bakin daga, ya yi haƙuri da adashin gata, alhali sojan da suka kwana a rami ɗaya an fitar da shi? Shi ya sa tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja a watan Yulin 2025 suna neman a cire su. Ban ga laifinsu ba. Amma kowane rukuni mai ƙarfi da ya fice, yana rage yawan masu muryar da za su matsa a gyara tsarin, a bar malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da masinja a ciki. Da a ce babban sakataren da ke rubuta takardar kasafin kuɗi ya san shi ma abin da ke asusunsa zai ci, da haƙƙin shekarun baya bai taɓa makara ba.

A jihohi lamarin ya fi rikicewa, domin dokar tarayya ba ta hawa kan ma'aikatan jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Legas ta shiga tun da wuri, Kaduna ta fara a 2017, wasu sun yi dokar sun ajiye a durowa, wasu ko dokar ba su yi ba. 'Yan tsiraru ne ke aiwatar da tsarin yadda ya kamata. Jigawa ta bi wata hanya ta tsakiya tun farkon shekarun 2000: ma'aikaci da gwamnati kowa na zuba kasonsa a asusu guda, amma abin da za a ba mai ritaya an ƙayyade shi bisa albashi da shekarun aiki, har da garatuti. An daɗe ana yaba mata da biya a kan lokaci, jihohi da dama sun je koyo. Kano ma irin wannan tsari ta ɗauka, amma gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na kimanin naira biliyan 48. Maƙwabta biyu, tsari kusan iri ɗaya, sakamako daban. Bambancin yana ga ko ana zuba kuɗin duk wata, da ko ana barin su inda aka zuba.

Ba zan wuce ban ambaci mafi yawan jama'a ba, waɗanda duk wannan muhawara ba ta shafe su ba: manomi, ɗan kasuwa, tela, direba, mai sayar da abinci. A 2019 aka buɗe musu ƙaramin tsarin fansho na sa-kai, amma karɓuwarsa ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya ga yadda maƙwabcinsa ɗan fansho ke fama, da wuya ya ɗauki kuɗin da zai sayi tunkiya ko buhun masara ya kai wa kamfani.

Shin a koma tsohon tsari ke nan? Ni dai ban yarda ba. Masu wannan kira suna tuna kashi 80 cikin 100 da garatuti ninki uku, suna mance layin sakatariya. Gwamnatin da ta kasa ware kashi 5 cikin 100 a kan lokaci, ba ita za ta ɗauki fanshon miliyoyin mutane kacokan ta biya ba tare da tangarɗa ba. Ko yanzu da hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013, ta kawo sauƙi ga ragowar 'yan tsohon tsari na tarayya, har suna iya tabbatar da suna raye ta waya, kuɗin nasu daga kasafin shekara yake fitowa, kuma yawansu raguwa yake yi ba ƙaruwa ba. Idan aka buɗe ƙofar ga kowa, bashin da za a tara 'ya'yanmu ne za su gaje shi.

Abin da nake gani shi ne a riƙe ƙofar ƙarfen, a mayar wa gwamnati wani ɓangare na nauyin da ta sauke. Mafi ƙarancin fansho ya zama abin da kowane mai ritaya zai gani a asusunsa, a ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi, duk ranar da ɗaya ya motsa ɗayan ya bi shi. Garatuti ya zama haƙƙi daga aljihun wanda aka yi wa aiki, a tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, domin dokar ba ta hana shi ba, kuma shi ne zai kashe rigimar kuɗin dunƙule. A sa alawus na dindindin cikin abin da ake lissafi a kai. A ba mai ritaya inshorar lafiya, tunda magani ne ke cinye mafi yawan abin da yake karɓa. Kuma a daina buɗe wa manya ƙofar baya: idan aikin ɗan sanda ya fi haɗari, a ƙara kason da gwamnati ke zuba masa, a ba shi sallama ta musamman, yana cikin tsarin.

Mafi gaggawa duka shi ne kuɗin da ake cirewa ba a zubawa. Akwai malamin firamare da takardar albashinsa ke nuna an cire masa na fansho duk wata, amma idan ya duba asusunsa sai ya tarar an yi watanni ba abin da ya shiga. Dokar tarayya ta ce a zuba kuɗin cikin kwanaki bakwai na aiki bayan biyan albashi, wanda ya makara kuma ya biya tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata. PenCom na bin kamfanoni masu zaman kansu tana ƙwato irin wannan kuɗi, amma hannunta ba ya kaiwa ga gwamnan jiha. Nan aikin majalisun jihohi ne da rassan ƙungiyar ƙwadago da ƙungiyar malamai. Su nemi a riƙa wallafa abin da aka cire da abin da aka zuba duk wata, ma'aikata bayan ma'aikata, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kuma su sa wannan a sahun gaba na buƙatunsu duk lokacin da suka zauna da gwamnati kan ƙarin albashi.